Tankin kifin da na tsinta a bayan gidan abinci

Tankin nan ba siyan shi na fita yi ba, tsintar shi na yi. Wani abokina ne yake da shago kusa da wani gidan abinci da aka rufe, ya kira ni wata ranar Asabar yace akwai wani akwatin kifi a bayan gidan an jingine shi jikin katanga damina biyu kenan, kaji ma sun fara kwana a ciki, in ina so in zo in gani tunda ya san halina. Dama ina da wani ɗan ƙarami na gilashi a falo mai cin lita 60, kifayen ciki sun girma waje ya musu kaɗan kullum cikin faɗa suke, uwargida kuma kullum sai tace ni da kifayena mun cika mata ɗaki da ƙarni, alhali wallahi babu wani ƙarni.

Da na je na ɗauka gilashi ne. Sai da na sa hannu na ɗaga gefe ɗaya na ji ba nauyi, na ƙwanƙwasa da yatsa na ji ƙarar irin ta roba ce mai kauri. Akirilik ne. Tsawonsa santimita 120, faɗi 45, tsayi 50, kaurin bangon milimita 10, in ka buga lissafi lita 270 yake ci. Mu biyu kacal muka ɗora shi a bayan a-kori-kura, da gilashi ne da sai mun nemi ƙarin hannu don akirilik nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba. Mai wajen ma ɗan abin da na miƙa masa sai da ya yi min godiya, shi a ganinsa bola na kwashe masa.

Kuma gaskiya kamar bolar yake. Ciki duk busasshiyar gansakuka da kashin kaji, ta sama inda ruwa yake tsayawa wani farin layi ya zagaye shi kamar an shafa farar ƙasa, fuskar gaba kuwa duk kwarzane ne zagaye-zagaye, da gani ka san wani yaron kicin aka sa ya wanke shi da soson ƙarfe irin na tukunya. In ka sa hannunka a ciki ka leƙa ta waje sai ka ga kamar cikin hazo. Sannan ga wata tsaga a murfin sama da ta taso daga ramin da aka huda don shigar da tiyo, an lafta mata silikon, danƙon nan da ake manne gilashi da shi, kamar an yaɓa tuwo.

Ranar farko na yi abin kirki ɗaya, na yi ɓarna ɗaya, kuma ɓarnar ita ce har yau nake kallo.

Abin kirkin shine ban goge shi a bushe ba. Na kwantar da shi a tsakar gida kan tsohon bargo na yi ta kwara masa ruwa har ƙasa da yashin suka fita da kansu, sannan na jiƙa tsofaffin tawul da farin binega haɗe da ruwa na manna a kan farin layin nan na bar shi wajen awa biyu. Wannan farin abin gishirin da ke cikin ruwan rijiya ne da na bohol, ruwa yana ƙafewa shi yana zama, tsami ne kawai yake narkar da shi. Da na ɗaga tawul ɗin sai na sa tsohon katin ATM ina kankarewa a hankali yana fita kamar ɓawon ƙwai. Gansakukar kuma na haɗa bilic ɗin Hypo kaɗan a ruwa mai yawa, kofi ɗaya cikin kofi goma sha tara na ruwa, na bar shi ya jiƙu sannan na ɗauraye ya fi sau biyar. Amma sai da na tabbatar binegar ta fita tas tukunna, don haɗa bilic da abu mai tsami yana fitar da iska mai guba, wannan kam na sani tun a makaranta.

Ɓarnar kuwa, akwai wata sitika ta talla da aka manna a kusurwar dama ta sama, na ɓare ta amma danƙon ya ƙi fita. Sai na tuna yadda nake yi wa gilashin mota, na shiga ɗaki na ɗauko sifirit irin na wanzamai na zuba a auduga na goge. Nan take danƙo ya fita, waje ya yi fes, har ina yaba wa kaina. Washegari da safe na fito zan tafi masallaci na haska da fitilar waya sai na ga kusurwar nan ta yi wasu ƙananan tsage-tsage sirara masu ƙyalli, kamar yanar gizo-gizo amma a cikin naman robar, ka shafa da yatsa sumul ba ka jin komai. Na tsaya ina kallo har aka tayar da sallah.

Nan na san wannan ba aikin da zan yi da ka ba ne. Abokin nawa yace in je wajen masu yin allon talla, irin masu yanka haruffa masu haske na gaban shaguna da bankuna, su ne suke aiki da wannan robar kullum. Na ɗauki hotuna a waya na je na samu wani dattijo a shagonsa, yara biyu suna yanka masa, na gaishe shi na nuna masa. Ya daɗe yana jan hoton da yatsa sannan yace, "Ɗana, sifirit ka sa ko tina?" Nace sifirit ne Baba. Yace "To ka gode Allah ba tina ba ce. Mu fasfes muke ce masa, ba ya shiri da sifirit, ba ya shiri da fetur, ba ya shiri da ruwan goge gilashin nan mai shuɗi. Kananzir kaɗan da ka sa, ko ruwan ɗumi da sabulu, da ba ka zo nan ba." Nace to yanzu ya za a yi ya fita? Ya yi dariya yace ba ya fita. Kwarzane a fata yake, ana cinye shi da sanfefa, wannan kuwa ya shiga ciki.

Daga baya da na yi ta karance-karance na gane dalili. Wajen da aka yanka ko aka lanƙwasa ko aka ƙona bakinsa da wuta don ya yi sheƙi, robar a ɗaure take a wajen, tana cikin matsi, da wani sinadari irin barasar da ke cikin sifirit ko amoniya ko asiton ya taɓa ta sai ta saki ta tsattsage. Shi ya sa a tsakiyar bango ba lallai ka ga komai ba amma a kusurwa sai ya nuna. Sunan fasfes ɗin ma ashe daga Perspex ne, sunan da kamfanin ICI na Ingila ya sa wa nasa, Jamusawa kuma nasu Plexiglas tun 1933. Da shi aka riƙa yin rufin da matuƙan jiragen yaƙi suke leƙe ta ciki a yaƙin duniya na biyu, har wani likitan ido a Landan, Harold Ridley, ya lura ɓarɓashinsa in ya shiga idon matuƙi ido ba ya ƙin sa, daga nan ya yi ruwan tabarau na farko da ake dasawa a cikin ido a 1949. Nace abin da ido ya karɓa ai kifi ba zai yi ƙorafi ba.

Kafin maganar kyau sai da muka fara da maganar yoyo, don Baba yace wanda ya goge tanki kafin ya san yana riƙe ruwa ya yi aikin baban giwa. Na zuba ruwa kamar taƙi ɗaya, cikin minti talatin bargon ƙasa ya jiƙe ta kusurwar hagu ta baya. Da na duba haɗin wajen da kyau sai na ga ya yi fari-fari kamar tsawon ɗan yatsa, sauran haɗin kuwa garau yake kana ganin ta ciki. Farin nan alamar bangon biyu sun fara rabuwa ne.

Silikon ɗin da aka lafta a tsagar sama kuwa da farce na kama bakinsa na ja, ya taso gaba ɗaya kamar fatar maciji. Wannan shine babban bambancin da masu gyaran gilashi ba su sani ba, silikon yana kama gilashi gam amma a jikin akirilik zama kawai yake yi. Shi akirilik ba manna shi ake ba, narkar da fuskokin biyu ake da wani ruwa su haɗe su zama abu ɗaya, kusan kamar walda. A ƙasashen waje akwai na gwangwani da ake kira Weld-On, lamba 4 tsinkakke kamar ruwa, lamba 16 mai kauri, na nema ban samu a kusa ba. Su Baba kulorofom suke amfani da shi, su zuƙa a sirinji su bi haɗin da bakin allura.

Na roƙe shi ya zo gida don ban yarda da hannuna ba, ya zo ranar Lahadi da yamma da ɗan yaronsa. Abin da ya fara yi ya ba ni tsoro, ya ɗauko injin huda ya sa siririn baki yace zai huda rami a ƙarshen tsagar. Nace Baba tsaga muke gyarawa kuma za ka ƙara rami? Yace tsaga tafiya take, in ba ka yi mata wajen tsayawa ba ko ka like ta sai ta ci gaba ta ƙarƙashi. Ya haska fitila ya nemo ainihin inda ta ƙare, ashe ta wuce inda nake gani da kusan santimita ɗaya, ya huda a hankali yaron yana ɗiga masa ruwa don kar zafi ya narkar da wajen. Sannan ya busar, ya bi tsagar da allura, sai ka ga kulorofom ɗin yana gudu cikinta da kansa kamar yadda shayi yake hawa sukari, farin layin yana ɓacewa a gabanka. Ya yanko wani faci na akirilik mai kauri ɗaya da na tankin, ya ɗora a kai ya sake bi da allura ta gefe-gefe, muka danne da bulo biyu da aka naɗe a tsumma.

Kusurwar da ke yoyo ta fi ba mu wahala. Sai da na bar tankin kwana uku yana bushewa tukunna don ko ɗigon danshi ya rage a cikin haɗin zai yi fari ya ƙi kamawa. Baba ya tura kulorofom ɗin cikin haɗin, muka ɗaure tankin da igiyar roba irin ta 'yan acaɓa don ya matse, sannan ya kawo wata 'yar sanda ta akirilik mai kusurwa huɗu ya kwantar da ita ta ciki tun daga farkon haɗin har ƙarshe ya like ta da bango da ƙasa. A cikin wata kwalba kuma yana da nasa haɗin, ɓarɓashin akirilik da ya jiƙa a kulorofom ya narke ya yi kauri kamar zuma, da shi ya cike 'yan ramukan da suka rage.

Maganar kulorofom ɗin nan kar wanda ya ɗauke ta wasa. Shine wanda a zamanin da likitoci suke sa wa mutum ya suma kafin a yi masa aiki, kuma yana lalata hanta. A tsakar gida muka yi a buɗaɗɗen waje, na kori yara gidan maƙwabta, amma duk da haka da na sunkuya na sa kaina cikin tankin don in riƙe sandar sai na ji kaina ya yi wani yuuu, Baba ya janyo ni ta riga yace "Fito da kanka, a ƙasan yake taruwa." Tun daga nan daga waje nake miƙa hannu. Ɗigo ɗaya kuma ya faɗa a bangon baya, na kai hannu zan goge ya buge min hannu, yace in ka goge ka shafa ɓarnar ne, bar shi ya bushe tabonsa ƙarami ne sanfefa za ta cinye.

To sai aikin da ya ci min sati uku.

Na je kasuwar Ƙofar Ruwa wajen masu kayan fentin mota na siyo sanfefa ta ruwa, irin baƙar nan da ake jiƙawa, lamba 400, 600, 800, 1000, 1500, 2000, da ƙyar na samu 2500 da 3000 a wani shago can ciki. Ga wanda bai sani ba, lamba tana hawa sanfefa tana ƙara laushi. Dabarar duka ita ce kowace lamba tana goge kwarzanen wadda ta gabace ta ta bar nata wanda ya fi siriri, haka haka har ya zama ido ba ya gani. Yadda ake gane daga inda za a fara kuwa da farce ne, ka ja shi a kan kwarzanen, in ya maƙale to mai zurfi ne sai an sauko 400 ko 600, in ya wuce sumul daga 1500 ma ya isa. Na gaban tankina farce har ƙara yake.

Na yanko ɗan katako daidai tafin hannu na naɗa masa soso siriri na naɗe sanfefar a kai, na jiƙa ta a bokiti minti goma da ɗigon sabulun wanke-wanke, na fara da 400 ina tafiya hagu da dama kawai. Bayan minti ashirin na ɗauraye na duba. Innalillahi. Gaba ɗaya fuskar ta zama fara fat kamar an shafa mata nono, ko inuwar hannu ba a gani. Uwargida ta fito da kwanon shinkafa ta tsaya ta kalla tace "Maigida, wannan gyaran ne ko ƙarasawa?" Ban ba ta amsa ba don ni ma ban sani ba. Na kira Baba a waya yace haka ake so, in bai yi fari bai ɗaya ba ma ba ka gama da lambar ba.

Da 600 sai na juya, sama da ƙasa. Hikimar juyawar ita ce in ka haska fitila ta gefe ka ga sauran layi a kwance to ka san 600 ba ta gama cinye aikin 400 ba, sai duk layukan sun koma a tsaye sannan ka wuce gaba ka sake juyawa. Kowace lamba sai na zubar da ruwan bokitin na wanke tankin na wanke hannuna, don ƙwayar yashi ɗaya daga lambar baya in ta maƙale za ta ja maka layi tun daga wannan bango har wancan. Kuma lokacin hunturu ne, ƙura tana sauka kamar ana yayyafa ta, in na shiga cin abinci na fito sai na tarar da fuskar ta yi ja, dole na sake ɗaurayewa. Ruwan sanyi kuwa sai da yatsuna suka yi kaushi suka fashe, kullum da dare ina shafa basilin.

Wajen ciki shine azaba. Murfin sama ramuka biyu ne kawai, sai na kwantar da tankin a gefensa na zura hannu har kafaɗa, wani lokacin da rabin kai, ina gogewa ina kwance a kan tabarma kamar bakaniken da ke ƙarƙashin mota. Ɗana na tsakiya shi hannunsa yake kai ƙuryar, na ba shi aikin kusurwoyi da alƙawarin tsire.

Kuskure biyu na yi a nan. Na farko gajiya ce ta sa, daga 800 nace bari in tsallake 1000 in tafi 1500 ai duk ɗaya ne. Na ci gaba har 3000, kwana huɗu, sai da na fara sa man gogewa waje ya fara haske sannan layukan 800 suka fito reras a ƙarƙashin sheƙin kamar an ja su da rula. Babu yadda zan yi, na koma 1000 na sake hawowa. Ranar ko magana ba na so a yi min.

Na biyu kuma akwai wani kwarzane guda mai zurfi a tsakiya, inaga da wuƙa aka kankare wani abu, na zauna a kansa da ɗan yatsa ina ta ci ina ta ci har ya ɓace. Ya ɓace ɗin, amma na yi ɗan kwari a wajen wanda hannu ba ya ji ido kuma yana gani, in ka kalli abu ta nan sai ya lanƙwashe kamar ta ƙasan kwalba. Sai da na dawo da katakon na bi fili mai faɗi kamar faranti a kewayen don kwarin ya baje. Ya ragu sosai, amma har yanzu in kifi ya gifta ta wajen yana ɗan yin ƙiba na daƙiƙa ɗaya.

Bayan 3000 fuskar ta koma kamar gilashin da aka huce masa numfashi, ana gani amma da dishi-dishi. Nan man gogewa yake shigowa. Na gwada makilin don na ga ana ta faɗa, yana ɗan yi amma sai ka ƙarar da na gida duka ba ka gama taƙi biyu ba. Wani ɗan uwana da ke Legas ya aiko min da wani man goge roba mai suna Novus, kwalba uku ne, lamba 3 na kwarzane mai ɗan zurfi, lamba 2 na siriri, lamba 1 na tsaftacewa da ƙyalli, daga 3 ake farawa a sauko. Da hannu na fara da tawul mai laushi irin na goge tabarau, da na ga zan kwana a nan sai na aro injin goge mota na wani mai fenti a layinmu. Ya gargaɗe ni in sa shi a mafi ƙarancin gudu kuma kar in tsaya waje ɗaya, don wannan robar da ta wuce zafin tafasar ruwa kaɗan take fara laushi, kuma soso mai juyawa yana kai ta nan da wuri. Sai na riƙa yi ina taɓawa da bayan hannu, da na ji ɗumi sai in koma wani gefen. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na ƙarasa bangon gefe da hannu washegari.

Lokacin da na goge man ƙarshe na ja baya, wallahi sai da na miƙa hannu na taɓa don in tabbatar bangon yana nan. Akirilik mai kyau yana wuce da haske kusan kashi 92 cikin 100 kuma ba shi da koren nan da kake gani a bakin gilashi mai kauri, shi ya sa manyan wuraren kallon kifi suke amfani da shi, wanda ya taɓa zuwa Dubai Mall ya ga wancan ƙaton bangon da kifaye suke yawo a bayansa, akirilik ne mai kaurin santimita 75. Uwargida ta zo ta leƙa ta ce "Ashe dai." Iyakar abin da ta ce kenan, ni kuma ya ishe ni.

Ban yarda na shigar da shi ɗaki ba sai da na gwada shi a waje. Tun ranar da aka like shi an fi sati uku don haka haɗin ya daɗe da ƙanƙamewa. Na sa kafinta ya yi min teburi mai ƙafa shida da shimfiɗaɗɗen katako mai kauri a sama, na ɗora siririn soso a kai, don shi akirilik dole duk ƙasansa ya zauna a kan abu, ba kamar na gilashi mai firam da yake tsayawa a gefe-gefe ba, in ka bar tsakiya a rataye zai lotsa ya ja haɗin. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato kilo 270 na ruwa kafin a sa yashi da duwatsu, ya fi buhun siminti biyar. Na shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙarƙashi da kewaye don ko ɗigo ne ya nuna, na kira ɗan garuwa, jarka goma sha ɗaya ta cika shi amma ba a rana ɗaya ba. Kashi ɗaya cikin uku ranar farko, na ja layi da alli a jikin salatif, washegari na ƙara, rana ta uku na kai shi baki. Da ya cika sai na ga bangon gaba ya ɗan turo ciki kaɗan, na kira Baba a rikice, yace in dai murfin sama lafiya yake wannan halinsa ne.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna labarin wani ƙaton tanki a cikin otal a Balin ta Jamus, AquaDom, wanda ya fashe da asuba a watan Disamba 2022, ruwa lita miliyan ɗaya ya kwararo har titi da kifi wajen 1,500, shi ma akirilik ne. Sau uku ina fitowa da fitila ina shafa jarida. A bushe take. Na bar shi sati guda cur a haka, abin da ya ragu bai wuce wanda iskar hunturu ta shanye ba.

Na zubar da wannan ruwan a shukokin gida, na sake wanke cikin da ruwa zalla sau da yawa saboda ragowar man gogewa, sannan muka shigar da shi falo. Kifayen ban juye su rana ɗaya ba. Na ɗauko soson da ke cikin matatar tsohon tankin yadda yake da dattinsa, ban wanke ba, na sa a sabuwar matata, don a jikinsa ƙwayoyin da suke cinye gubar kashin kifi suke zaune, in babu su ruwa yana nan garau a ido amma kifi ya yi ta mutuwa. Na fara da guda uku, bayan sati na ƙara, haka har suka ƙare. Guda ɗaya ne ban saka ba, baƙin nan mai manne baki a bango yana tsotsar gansakuka, an ce min manyansu suna kankare akirilik da bakinsu, bayan wahalar da na sha ban tsaya gwadawa ba na kai wa abokina kyauta. Yashin ma sai da na yi tunani, yanzu in zan goge ciki ba na kai soso ƙasa kusa da shi, taƙi ɗaya na ƙarshe da katin ATM nake bi.

Na kafa doka a gidan, babu mai goge tankin nan da tsumma komai ƙurar da ya yi, ni zan yi da kaina, in fesa ruwa tukunna ƙurar ta gangara sannan in bi da tawul ɗinsa da na ɓoye a saman firij. Kwalbar shuɗin ruwan goge gilashi kuwa na mayar da ita but ɗin mota.

Kusurwar sifirit tana nan. Baba ya duba yace tunda a sama take inda ruwa ba shi da nauyi, kuma bai ci zurfi ba, ba abin da zai yi, amma ya sa na ja ɗan layi da maka a ƙarshen tsagar da ta fi tsawo in riƙa dubawa ko tana tafiya. Wata biyar kenan ba ta motsa ba. Na juya wannan gefen wajen labule na dasa wata doguwar ciyawar ruwa a gabansa, baƙi ba sa lura, sai dai da daddare in an kashe fitilar falo aka bar ta tankin, wajen yana ƙyalli kamar an watsa garin gilashi. Ƙaramar 'yata ta ɗauka ado ne, jiya ma tana tambayata wai Abba yaushe za a yi wa ɗaya gefen irinsa.